Yadda ake aikin jami'in kare haƙƙin ɗan Adam a Majalisar Ɗinkin Duniya

Jami'in kare haƙƙin ɗan Adam ba ya kama kowa, ba ya yanke wa kowa hukunci. Kayan aikinsa littafin rubutu ne, da tafinta, da izinin shiga wuraren da sauran jama'a ba sa shiga, sai kuma sunan Majalisar Ɗinkin Duniya da zai hau kan duk abin da ya rubuta. Ƙarfinsa kacokan ya rataya ne a kan abu biyu: abin da ya rubuta ya zama an tantance shi, wanda ya ba shi labarin kuma ya kwana lafiya bayan motar ofis ta bar garin. Duk ƙa'idojin da za a kawo a nan daga waɗannan biyun suka fito.

Ina guraben suke, ta ina ake shiga

Uwar aikin ita ce Ofishin Babban Kwamishinan Kare Haƙƙin Ɗan Adam, wato OHCHR, wanda Babban Zauren Majalisar ya kafa a Disambar 1993, mai hedikwata a Geneva. Volker Türk ɗan ƙasar Ostiriya aka naɗa shugabansa a 2022. Amma ainihin aikin sa ido a wajen Geneva ake yin sa. Akwai ofisoshin yanki, kamar na Dakar da na Yawunde, akwai ofisoshin ƙasa, akwai kuma sassan kare haƙƙin ɗan Adam a cikin rundunonin kiyaye zaman lafiya: MONUSCO a Kongo, UNMISS a Sudan ta Kudu, MINUSCA a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Kwamitocin bincike da Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ke kafawa su ma suna ɗaukar masu bincike, galibi na 'yan watanni.

Matakan aikin suna da lamba. P-2 yana son digiri na biyu da gogewar shekara 2, P-3 shekara 5, P-4 shekara 7, P-5 shekara 10. Mai digiri na farko kaɗai yakan cike giɓin da ƙarin shekara 2 na aiki. Fannin karatun yawanci shari'a ne, ko kimiyyar siyasa, ko hulɗar ƙasa da ƙasa. Waɗannan mukaman na ma'aikatan ƙasa da ƙasa ne, kuma galibi ba a tura mutum ƙasarsa ta haihuwa da su. Ɗan ƙasa da ke son aiki a gida sai ya nemi gurbin jami'in cikin gida, masu lamba NO-A zuwa sama.

Wanda bai taɓa aiki da Majalisar ba da wuya ya faɗa P-3 kai tsaye. Ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce ta 'yan sa-kai na Majalisar, UNV, inda ake ba da alawus maimakon albashi, amma aikin da za ka yi a Bunia ta Kongo ko Bentiu ta Sudan ta Kudu daidai yake da na mai P-2. Akwai kuma jarrabawar matasan ma'aikata, YPP, ga wanda bai wuce shekara 32 ba, sai dai jerin ƙasashen da ake karɓar 'yan asalinsu yana canjawa kowace shekara, don haka a duba kafin a fara shiri.

Ana neman aikin ne ta Inspira, shafin ɗaukar ma'aikata na Majalisar. A nan mutane da yawa ke faɗuwa tun kafin idon mutum ya ga takardarsu, domin suna rubuta sunan muƙaminsu su bar abin da suka yi. Kada ka rubuta cewa ka yi aikin kare haƙƙin jama'a. Rubuta yawan shaidun da ka yi hira da su, da gidajen yarin da ka ziyarta, da rahotannin da ka rubuta da wanda ya karanta su. Shekarun da ka yi a Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko ofishin lauyoyin da ke tsaya wa marasa galihu, ko ƙungiyar farar hula, duk suna shiga lissafi in ka bayyana su haka. Bayan tacewa sai jarrabawar rubutu mai ƙayyadadden lokaci, sannan ganawa da kwamiti, inda tambayoyin ke zuwa da siga ɗaya: ba mu labarin lokacin da kaza ya faru, me ka yi, me ya biyo baya. Tanadi misalai shida ko bakwai na gaske. Wanda ya ci amma bai sami gurbin ba akan sa shi a jerin jira, kuma rundunoni sun fi ɗauka daga wannan jerin. Duka wannan yakan ci watanni. Majalisar ba ta karɓar ko kwabo a kowane mataki. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko na horo ɗan damfara ne.

Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. Faransanci ne mabuɗin Bangui da Kinshasa da Njamena, Larabci na Sudan. Hausa ba ta maye gurbin ko ɗaya, amma a yankin Tafkin Cadi, da sansanin Minawao na Kamaru, da unguwannin 'yan kasuwa a Bangui, jami'in da zai saurari shaida ba tare da tafinta ba ya rage kunne ɗaya a cikin ɗakin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kamar yadda za a gani.

Kafin a fita

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fara da karanta takardar da ta ba ofishinka hurumi, ko ƙudurin Kwamitin Sulhu ne ko yarjejeniya da gwamnatin ƙasar, don ita ce za ka nuna wa kwamandan da ya tare maka ƙofa. Ka san yarjejeniyoyin da ƙasar ta amince da su: ta haƙƙin jama'a da siyasa ta 1966, ta hana azabtarwa ta 1984, ta haƙƙin yara ta 1989, da kundin haƙƙin ɗan Adam na Afirka na 1981. Inda ake yaƙin cikin gida, sashe na 3 da ke cikin duka yarjejeniyoyin Geneva huɗu na 1949 yana hawa kan gwamnati da 'yan tawaye baki ɗaya. Dokar ƙasar ma ka san ta, domin shugaban 'yan sanda ya fi jin kunya in ka karanto masa dokar garinsu.

Sai ka zana taswirar masu makamai a yankinka: wace bataliya ce a ina, wa ke jagorantarta, tun yaushe, wane kaki suke sawa, wace mota suke hawa, wane yare suke yi. In ba ka da wannan a ka, shaida zai ce maka "masu jan ƙyalle a hannu" ka rubuta ka wuce, ba ka san ya riga ya gaya maka ko su wane ne ba.

Ɓangaren tsaro yana da nasa sharuɗɗa: kwas ɗin BSAFE a intanet, horon SSAFE na zahiri ga wuraren haɗari, da izinin tafiya daga sashen tsaro na Majalisar kafin kowace fita. Sabbin jami'ai kan ga abin kamar ɓata lokaci. A Fabrairun 1997 an yi wa ma'aikatan kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar su biyar kwanton ɓauna aka kashe su a yankin Cyangugu na Ruwanda. Sai dai tsaron yana zuwa da nasa cikas: in sojoji suka raka ka ƙauye, musamman sojojin da ake zargi, babu mai buɗe baki, wanda ya buɗe kuma an gan shi. A irin wannan hali ka je ka duba wurin kawai, ka ga ramukan harsashi da gidajen da aka ƙone, hirar kuma a shirya ta wani gari wata rana.

Hira da shaida

Nan ne cibiyar aikin, nan ne kuma aka fi yin ɓarna.

Tambayar farko kanka za ka yi wa: in aka ga wannan mutumin tare da ni, me zai same shi? Farar mota mai manyan haruffan UN a ƙofar gida sanarwa ce ga unguwa duka. Ajiye motar nesa, ko a haɗu inda shigarsa ba za ta ja ido ba, kamar asibiti, ko ofishin wata ƙungiya da mutane ke shiga da fita, ko gidan ɗan'uwa a wani gari ranar kasuwa. Shi ya san garinsu fiye da kai, bar shi ya zaɓi wuri da lokaci. In ka auna ka ga haɗarin ya fi amfanin, bar hirar. Labarin da ya wuce ka yau kana iya samunsa ta wata hanya.

Mutum ɗaya ake ji a lokaci ɗaya. A ƙauye wannan yana da wuya, don dagaci zai shimfiɗa tabarma ya tara dattawa, kuma ƙin zama rashin ladabi ne. Zauna, a gaisa, a yi ta'aziyya, ka ji bayanin gari gaba ɗaya. Amma ka sani abin da aka faɗa a taro labari ne da aka riga aka daidaita, kuma mai ƙaramin matsayi ba zai saɓa wa babba a gaban mutane ba. Daga baya ka nemi mutanen ɗaya bayan ɗaya.

Kafin tambaya ta farko ka bayyana ko kai wane ne, wane ofis ya aiko ka, da abin da ba za ka iya yi ba. Faɗa masa a fili cewa ba ka raba abinci, ba ka biyan diyya, ba ka kai mutum Turai, ba ka da ikon ba shi kariya. In ka bar wannan a duhu, mai bukata zai gyara labarinsa ya dace da abin da yake zaton kana rabawa, ranar da bai ga komai ba kuma ya ce an yaudare shi. Ba a biyan kuɗi don shaida. Kuɗin mota dai ana iya mayarwa gwargwadon ƙa'idar ofis.

Sannan amincewa, kuma ba dunƙule ake nemanta ba. Tambaye shi daki-daki: ya yarda a yi amfani da bayanin a cikin ofis kawai? A sa shi a rahoton da duniya za ta karanta ba tare da sunansa ba? A kai maganarsa gaban hukumomin ƙasar? A miƙa wa kotun cikin gida ko ta duniya in sun nema? Kowace amsa ka rubuta ta daban. Mutum yakan yarda da na biyu ya ƙi na uku, kuma yana da dalili. Yana da damar tsayar da hirar ko janye amincewarsa duk lokacin da ya so.

Fara da barinsa ya ba da labarin yadda ya zo masa, ko da ya faro daga tsakiya. Kada ka katse shi. Bayan ya gama sai ka koma baya da tambayoyi buɗaɗɗu. "Sojoji ne suka harbe shi?" tambaya ce da ta zo da amsarta a baki, kuma mai kunya ko mai son faranta wa baƙo zai ce e. Ka ce: wa ka gani, me yake sanye da shi, da me suka zo, me suka ce wa juna, da wane yare, kai kana ina a lokacin? A kan kowace gaɓa ka rarrabe ganau da jiyau. "Sun kashe mutum 40" yana iya nufin ya ga gawa uku a ƙofar masallaci, sauran a bakin mutane ya ji. Duka biyun suna da amfani, amma ba layi ɗaya ake rubuta su ba. In jiyau ne, wa ya gaya masa, kuma ana iya samun wannan mutumin?

Kwanan wata yakan ba da wahala. Wanda ya yi sati uku yana gudu a daji ba ya riƙe da kalanda, in ka matsa masa zai ba ka rana don ka ƙyale shi, daga baya lauyan gwamnati ya yi amfani da kuskuren ya rushe shaidar duka. Ɗaure lokacin da abin da ya sani: kafin sallar asuba ne ko bayanta, ranar kasuwar wane gari, azumi nawa, an yi girbi ko ba a yi ba, kafin Kirsimeti ko bayanta. Nisa kuma kada ka nemi mita. Ka ce ya nuna maka daga nan zuwa ina, ko ya zana a ƙasa inda yake da inda motar ta tsaya.

Tafinta yana iya gyara hira, yana iya kashe ta. Ka san ƙabilarsa da garinsu kafin ka shigar da shi, don shaida ba zai zargi mutanen wata ƙabila ta bakin ɗanta ba. Ku yi yarjejeniya tun a ofis: zai fassara kalma da kalma, da bakin mai magana, ba taƙaitawa, ba gyara, ba ƙara tasa tambayar. In shaida ya yi magana ta minti biyu tafinta ya ba ka jimla ɗaya, tsaya ka nemi sauran. Ka tuna kuma shi ɗan ƙasa ne, can zai ci gaba da zama da iyalinsa bayan an canja maka wurin aiki. Kada ka aike shi shi kaɗai ya nemo maka shaidu a inda kai ba za ka iya zuwa ba.

Fyaɗe yana da nasa tsari. Magani ke gaba da tambaya: maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120. Saboda haka ka san asibitin da ke da su tun kafin ka fita, in abin sabo ne kuma a fara da can. A ba ta zaɓin mace ta yi mata hirar, tafinta ma mace. Mata da yawa ba za su furta kalmar ba, sai su ce "ya ɓata ni" ko "sun yi mana abin kunya". Rubuta kalmarta yadda ta faɗa, sannan a hankali ka nemi abin da take nufi, ba tare da neman bayanin da rahoton ba ya bukata ba. Kada mijinta ko surukarta su zauna a wurin sai in ita ta nema, domin sau da yawa ba su sani ba, saninsu kuma yana iya kashe aurenta. Maza ma ana yi musu, musamman a wuraren tsarewa, kuma sun fi ɓoyewa. Bincika ko wata ƙungiya ta riga ta yi mata hira. Maimaita labarin sau huɗu ga baƙi huɗu azaba ce ta daban. Yara kuwa ba a yi musu hira sai ya zama dole, da yardar mai kula da su, kuma an fi so wanda ya sami horon hakan ya yi.

Hira mai kyau takan ci awa ɗaya zuwa biyu. Wanda ya yi fiye da uku ko huɗu a rana, ta ƙarshen ba ya ji, rubutu kawai yake yi. A ƙarshe karanta masa muhimman wuraren ya gyara, tambaye shi ko akwai abin da yake tsoro, ku shirya yadda za ku sake samun juna da abin da zai ce in an tambaye shi inda ya je. Kada ku fita tare. Bayan kwana biyu ko uku a bincika lafiyarsa ta hanyar da kuka shirya.

Sunansa kada ya zauna takarda ɗaya da bayaninsa. Ba shi lamba, jerin sunaye da lambobin kuma ya zauna wani wuri a kulle. Da ka koma ofis ka shigar da bayanin rumbun ajiya na ofishin a ranar, tun kana tuna abin da gajerun rubutunka ke nufi. Naɗar murya ba ta cika zama dole ba: tana sa mutum ya ɗaure, kuma wayar da aka karɓe a shingen bincike ta tona kowa. Baki shi ke yanka wuya, kuma a wannan aikin wuyan wani ne. Hirar cin abinci da abokan aiki na wasu sassa ma ba wurin ambaton sunan ƙauyen shaida ba ne.

Tantancewa

Ma'aunin da ake aiki da shi shi ne samun dalili mai ƙarfi na gaskata cewa abin ya faru. Bai kai na kotun laifi tsauri ba, amma ya wuce zato nesa. A aikace ana son shaidar ganau ɗaya abin dogaro, da aƙalla wata majiya mai zaman kanta da ta goyi bayanta. Ofishin Majalisar a Afganistan, wajen ƙidayar fararen hular da yaƙi ya ci, ya riƙa neman majiya iri uku daban-daban. A batun fyaɗe, inda da wuya a sami mai gani, bayanin wadda abin ya sama yana iya wadatarwa in ya tsaya da ƙafarsa kuma ya dace da salon abin da aka riga aka tabbatar a yankin.

Tarkon da ya fi kama sabon jami'i shi ne majiya uku da asalinsu ɗaya. Ɗan jarida ya faɗa, shugaban ƙungiya ya faɗa, limami ya faɗa, ka ce an tabbatar, alhali dukansu mutum ɗaya ne ya buga musu waya. Kowa ka tambaye shi daga ina ya ji. Auna mai magana daban, auna maganar daban: mai gaskiya yana iya kuskure, ɗan adawa mai son ɓata gwamnati kuma yana iya zuwa da labarin da ya faru da gaske. Ɗan saɓani tsakanin shaidu, wannan ya ce mota uku wancan ya ce huɗu, alamar lafiya ce. Abin tsoro shi ne mutum biyar su ba ka labari da kalmomi iri ɗaya.

Adadin mamata da sunaye ake gina shi: sunan mutum, na mahaifinsa, shekaru, unguwa, inda aka binne shi, wa ya yi masa wanka ko sallah. Kula da laƙabi, don mutum ɗaya yana iya shiga jeri sau biyu, sau ɗaya da sunan yanka sau ɗaya da wanda aka fi saninsa da shi. Rajistar asibiti, da masu haƙa kabari, da sabbin kaburbura da za a iya ƙirgawa, duk majiyoyi ne. A rahoto ka rubuta "aƙalla" tare da adadin da ka tabbatar, ko da kowa a gari yana faɗin ninkinsa. Rauni kuma ka kwatanta shi: a ina yake, tsawonsa, launinsa, siffarsa, da hoto in ya yarda, da wani abu a gefe mai nuna girma, ba tare da fuska ba. Cewa tabon ya dace da dukan wayar lantarki aikin likita ne mai bin ƙa'idar Istanbul, wato jagorar Majalisar kan binciken azabtarwa.

Bidiyon da ke yawo a WhatsApp a ɗauke shi a matsayin zargi har sai an gano inda aka ɗauke shi da lokacin. Tsofaffin hotuna daga wata ƙasa sukan dawo da sabon suna duk lokacin da rikici ya tashi. Nemi wanda ya ɗauka da wayarsa, ya turo ainihin fayil ɗin, domin manhajojin aika saƙo sukan goge bayanan rana da wuri. Gwada hasumiyar masallaci, ko tsauni, ko tankin ruwa da ke cikin hoton da hotunan tauraron ɗan Adam.

Hana shiga wuri ba ya hana bincike. Bayan abin da ya faru a Moura da ke tsakiyar Mali a Maris 2022, hukumomi ba su bar masu binciken Majalisar sun shiga garin ba. Sun yi hira da mutum 157 ɗaya bayan ɗaya, suka haɗa da hotunan tauraron ɗan Adam, rahoton da ya fito a Mayun 2023 kuma ya ce sojojin Mali da baƙin mayaƙa sun kashe aƙalla mutum 500, an kuma sami sunayen aƙalla 238. Gwamnatin Mali ta yi watsi da rahoton.

Ziyarar wuraren tsarewa

Fara da ofishin shugaban wurin, cikin girmamawa, sannan ka nemi rajista. Gwada adadin da ke rubuce da kawunan da ka ƙirga. Wanda yake ciki ba ya cikin rajista shi ne wanda ya fi shiga haɗarin ɓacewa, don haka rubuta sunansa a gaban jami'in, ya san an gan shi. Duba ranar kamu: kwamitin da ke fassara yarjejeniyar 1966 ya ce a ƙa'ida awa 48 ta isa a kai mutum gaban alƙali. Zaga ko'ina, har ɗakin da aka ce sito ne da wanda aka ce makullinsa ya ɓata. Auna ɗakin da taku, ƙirga mutanen ciki, duba iska da ruwa da bayan gida, ka ga ko an raba yara da manya, mata da maza. Ƙa'idojin Mandela na 2015, wato na Majalisar kan kula da fursunoni, sun haramta kulle mutum shi kaɗai, awa 22 ko fiye a rana, har ya wuce kwana 15 a jere.

Kai za ka zaɓi waɗanda za ka yi magana da su, inda mai gadi ba ya ji. In an ƙi ba ka keɓewa, kada ka yi tambayar duka ko azaba sam. Kuma kada ka ji mutum ɗaya kaɗai, don da ka fita an san wanda ya yi magana. Ji goma ko fiye, ka ba kowa lokaci kusan ɗaya. Wanda ba shi da halin dawowa wurin cikin ɗan lokaci ya sake ganin mutanen nan da idonsa, gara ya taƙaita ziyararsa ga duba gini da rajista.

Rubutu, da abin da ke biyo bayansa

Mafi yawan abin da za ka rubuta ba zai fita waje ba: rahoton rana, na mako, na gaggawa in babban abu ya faru. Tsarin ɗaya ne, wato wa ya yi wa wa me, yaushe, a ina, ta yaya, daga ina aka sani, wace doka aka karya, wane mataki ofis ya ɗauka. Rarrabe abin da aka tabbatar da wanda ake zargi a cikin kowace jimla. Bar kalmomin zafi irin su "rashin imani" da "kisan gilla". Adadi da bayanin yadda aka yi sun isa. Kalmomin shari'a masu nauyi, kamar laifin yaƙi ko kisan ƙare dangi, ba jami'i ɗaya ke yanke su ba. Kafin rahoto ya fita, sake karanta shi da idon jami'in leƙen asirin yankin: "wata ungozoma mai shekara 50 a ƙauye kaza" suna ne, in ungozoma ɗaya ce a ƙauyen.

Wasu bayanan suna da hanyarsu ta musamman. Manyan laifuka shida a kan yara a lokacin yaƙi, wato kisa da nakasawa, ɗaukarsu aikin soja, fyaɗe, sacewa, kai hari makarantu da asibitoci, da hana agaji isa gare su, suna tafiya Kwamitin Sulhu ta tsarin da ƙuduri mai lamba 1612 na 2005 ya kafa. Tun 2011 kuma akwai ƙa'idar da ta hana Majalisar tallafa wa rundunar da ake da dalilin tsoron za ta aikata manyan laifuka. Sunan kwamanda da lambar bataliyar da ka rubuta daidai yau su ne za a duba gobe kafin a ba su man fetur ko a ɗauke su a jirgi.

Sau da yawa sakamakon da za ka gani da idonka daga ganawa yake fitowa. Je wurin mai gabatar da ƙara na soja ko kwamishinan 'yan sanda da bukata ɗaya takamaimiya: a saki waɗannan yara huɗu, a kai wannan asibiti, a cire shingen da ake karɓar kuɗi a hanyar kasuwa. Kada ka ɗaga murya, kada ka kunyata shi gaban yaransa, kada ka ambaci wanda bai yarda a ambace shi ba. Rubuta abin da ya yi alkawari ka dawo ranar da ya sa.

Rahoton da za a wallafa akan aika wa gwamnati ta yi sharhi kafin ya fita. Kuskure ɗaya a sunan gari ko kwanan wata shi za ta riƙe ta yi ta kaɗawa. Ko babu kuskure ma ana iya biyan farashi: Kongo ta kori shugaban ofishin haɗin gwiwa na kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar a ƙasar, Scott Campbell, a Oktoban 2014 bayan rahoto a kan wani samamen 'yan sanda a Kinshasa, Mali ta kori shugaban sashen kare haƙƙin ɗan Adam na rundunar Majalisar a ƙasar, Guillaume Ngefa, a Fabrairun 2023, Yuganda kuma ta ƙi sabunta yarjejeniyar ofishin OHCHR har ya rufe a shekarar. Baƙon ma'aikaci jirgi yake hawa, ɗan ƙasa kuwa nan zai zauna. Saboda haka kafin a wallafa, a zauna da ma'aikata 'yan ƙasa a shirya wanda zai ɗauki hutu, da wanda bai kamata a ga fuskarsa a taron manema labarai ba.

Yawancin wuraren nan ba a zuwa da iyali, ana ba da hutun sararawa duk bayan mako huɗu, shida ko takwas gwargwadon tsananin wurin. Ka tafi hutun ko aiki ya taru. Rashin barci, saurin fushi, da jin labarin kisa ba ya motsa ka ko kaɗan, alamu ne na cewa abin ya fara cin ka, kuma akwai masu ba ma'aikata shawara a asirce. Tafinta da direba su ma sun ji duk abin da ka ji, a tambaye su.

Ranar da za a canja maka wurin aiki, kada ka miƙa wa magajinka jerin lambobin waya kawai. Kowane shaida da kowace majiya kai suka amince wa, don haka tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko sun yarda a haɗa su da sabon jami'in, wanda ya ƙi kuma a goge lambarsa. A takardar miƙa aiki ka jera fursunonin da aka yi alkawarin sake dubawa da ranar da aka sa, da shaidun da aka taɓa yi wa barazana, da alkawuran da hukumomi suka ɗauka ba su cika ba tukuna. Littattafan rubutunka na hannu kuma, bayan ka tabbatar komai ya shiga rumbun ajiya, a lalata su ta hanyar da ofis ya tanada kafin ka haɗa kaya.